Kalmomi Biyu na Baba Stojan

Ranar Talata da hantsi aka kawo Baba Stojan gidan kula da tsofaffin da Celestina take aiki, a gefen Lozells cikin Birmingham. Daga asibiti aka wuto da shi a keken marasa lafiya, da jakar leda guda ɗauke da kayansa. Shekarunsa tamanin da ɗaya. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da shi a kicin ɗin flat ɗinsa, sai washegari maƙwabciyarsa ta hango shi ta taga. Ɓangarensa na dama ya daina motsi, Turancin da ya shekara talatin yana yi kuma ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage a bakinsa shi ne harshen da ya taso da shi a Bosniya, shi ma guntu-guntu.

Celestina 'yar Kafanchan ce. Ilimin harsuna ta karanta a jami'a a Jos, ta koyar a sakandare shekara shida, sannan ta taho Ingila aikin kula da tsofaffi. Kamfanin da ke da gidan shi ya ɗauki nauyin bizarta, kuma a kan bizar tata mijinta Kambai da 'yarsu Zoe suke zaune. Duk wanda ya shigo ta wannan hanya ya san ƙa'idar: ranar da kamfani ya janye hannu, kwana sittin gare ka ka samo wani, in ba haka ba ka tattara kayanka. Saura shekara uku ta samu takardar zama tata ta kanta. Saboda haka ta koyi aiki da baki a rufe. In an ƙara mata shift ta ce to, in an soke mata hutu ta ce to.

Tun ranar farko Baba Stojan ya zama abin magana a gidan. In yana zaune shiru ba ya damun kowa, sai dai kullum kansa a karkace yake zuwa hagu, wajen ƙofar ɗaki, ba ya juyo da shi ko an kira sunansa. Amma da zarar an zo ɗaga shi, ko a juya shi a gado, ko a sa masa riga, sai ya damƙe hannun mai aikin da hannunsa mai lafiya ya ɗaga murya:

"Iza vrata! Iza vrata!"

Monica, manajar gidan, ta sa aka kira Daiva, wata ma'aikaciya 'yar Lituwaniya da ta shekara goma sha biyar a Birmingham.

"Ai duk gabashin Turai ne," in ji Monica da Turanci. "Ki saurara ki faɗa mana abin da yake so."

"Daga garinmu zuwa ƙasarsu kwana biyu ne a mota," Daiva ta ce, fuskarta a ɗaure. "Ba harshe ɗaya muke yi ba."

Duk da haka ta zauna kusa da shi rabin awa. Da ta fito ta samu Celestina a ɗakin wanki tana ninke zannuwan gado.

"Abin mamaki, ina tsintar wasu," ta ce. "Ya ce ruka yana kallon hannunsa, mu kuma ranka muke cewa. Ya ce glava, mu galva, kai ke nan. Kamar ki ji maganar maƙwabta ta bayan bango. Vrata ɗin nan kuwa, muna da vartai, ƙofar shiga gida. Ina jin ƙofa yake nufi."

Manhajar fassara ta wayar ofis ma haka ta ce: bayan ƙofa. Aka duba bayan ƙofar, ba komai sai ƙugiya da rigar sanyinsa. Aka cire rigar, bai daina ba. Monica ta nemi tafinta, fom ɗin ya ce a zaɓi ɗaya cikin uku, Sabiyanci ko Kuroshiyanci ko Bosniyanci, takardunsa kuwa Yugoslabiya suka ce, ƙasar da yanzu babu ita. Sai da aka yi mako biyu ana kai da kawowa kafin aka haɗa su da wani tafinta ta waya na minti goma. Aka kanga wa tsohon wayar a baki daidai lokacin da ake juya shi, tafintan ya ce, "Bayan ƙofa yake cewa." Shi ke nan aka rubuta a takardar kula da shi cewa yana ganin abubuwa a bayan ƙofa, kuma yana neman fita. GP, likitan da ke duba tsofaffin gidan, ya ƙara masa maganin kwantar da hankali ba tare da ya zo ba. Monica ta sanar cewa ranar Alhamis mai zuwa za a mayar da shi bene, sashen masu ruɗewar tunani, inda ƙofa ba ta buɗuwa sai da lamba.

Celestina ce ke masa wanka sau uku a mako, kuma kullum sai ta fito da shatin yatsunsa a tsintsiyar hannunta.

Ranar Juma'a bayan abincin rana ta shiga kwashe masa kwanuka, ta bar ƙofar a buɗe. Wani ya buɗe tagar baranda, iska mai sanyi ta shigo ɗakin. Tsohon ya ɗaga yatsa, ya ce a hankali, ba ihu:

"Vrata."

Ta je ta rufe ƙofar. Ya lumshe ido kamar mai godiya, ya gyara bargonsa.

Ta tsaya riƙe da tire. Mutumin da aka ce yana neman fita, ga shi ya sa an rufe ƙofa. Amma ba wannan ne ya tsayar da ita ba. Kalmar ce ta fito da wata murya daban. Yanzu ta tashi daga ƙasa ta hau. Wadda yake ihu da ita in an taɓa shi kuwa daga sama take faɗowa ta yanke.

A bas ɗin komawa gida ta yi ta maimaita su a maƙoshi, ba tare da ta buɗe baki ba, wannan ta hau, wannan ta sauka. An hana su shiga ɗakunan tsofaffi da waya, kuma naɗar muryar mutum ba izini laifi ne da ake kora a kansa, don haka ba ta da wurin ajiye su sai kanta.

Da ta faɗa wa Kambai, yana jiƙa garin kunu a kicin, sai ya girgiza kai.

"Cele, an kawo tafinta, an yi magana da GP, manaja ta sa hannu. Ke mene ne naki? Ba linguistics aka ɗauke ki yi ba."

"Na sani."

"Saura shekara uku. Don Allah ki bar mu mu ƙarasa lafiya."

Zoe ta leƙo daga falo ta tambaya da Turancinta na 'yan Birmingham ko faɗa suke yi. Suka ce a'a a tare.

Da safe, kafin ta fita, ta kira Ramlat. Ajinsu ɗaya a Jos, kuma shekara huɗu ke nan Ramlat tana Manchester tana digiri na uku a kan yadda karin sauti ke samuwa a harsuna. Tun da Celestina ta zo ƙasar suke cewa za su haɗu, ba su haɗu ba.

"Sake faɗa," in ji Ramlat bayan ta saurara. Celestina ta sake.

"Ƙawata, yaushe kike off?"

"Lahadi kawai."

"To ki taho. Ina da muryoyin mutanen Bosniya da na naɗa, amma uni ta hana in tura wa kowa, sai dai ki zo ki ji a nan. Ba zan faɗa miki abin da nake zato ba, kada in ɓata miki kunne."

Ranar Lahadi Celestina ba ta je coci ba. Ta hau motar safe zuwa Manchester, ta sake hawa bas zuwa Levenshulme. Ɗakin Ramlat yana saman wani shagon aski a kan Stockport Road, ɗaki ɗaya, gado da tebur da ƙaramin murhu, taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Littattafai a ƙasa har gindin gado. Mijinta Sha'aban yana Kano da 'ya'yansu biyu, rabonta da su wata goma sha tara.

"Kin rame," Celestina ta ce bayan sun rungumi juna.

"Chapter ɗaya ce ta riƙe ni tun bara. Supervisor ya ce in sake, na sake, ya ce in mayar yadda take. Ba zan iya tafiya gida ba sai na gama, ba na iya gamawa saboda hankalina yana gida. Kuma duk wanda na faɗa wa abin da nake karanta sai ya yi dariya, wai Bakanuwa da Lituwaniyanci. Zauna, ɗanwake na kan wuta."

Ba su jira ɗanwaken ba. Ramlat ta buɗe kwamfuta ta maƙala mata abin sauraro a kunne.

"Zan sa miki murya goma sha biyu. Duk iza vrata za su ce. Ki ɗaga hannu in kin ji irin ta tsohonki, wadda yake yi in an ɗaga shi."

Muryoyi suka riƙa wucewa, maza da mata, tsofaffi da matasa. Celestina ta ɗaga hannu sau biyar. Ramlat tana yin alama a takarda, ba ta kallonta. Da aka gama ta juyo da takardar.

"Biyar ne a ciki, kuma duk kin same su. Ba ko ɗaya da ke maganar ƙofa."

"To me suke cewa?"

Ramlat ta kai hannu ta dafa ƙeyarta ta saman mayafi. "Bayan wuya."

Celestina ta cire abin sauraron ta ajiye a cinya.

"Bari ki gani," in ji Ramlat, ta jawo takarda. "Sunan wuya shi kaɗai vrat ne. Amma a harshen nan ƙarshen suna yana canzawa gwargwadon aikin da yake yi a jimla, hali bakwai gare shi, kamar yadda Lituwaniyanci ma yake da bakwai. In kika sa iza a gabansa, dole ya ɗauki wasalin a, ya koma vrata. Ita kuwa ƙofa dama can vrata ce, kullum a jam'i take, ba ta da tilo. Vartai ɗin ƙawarki ma haka, jam'i ce. To a rubuce sun zama abu ɗaya, harafi da harafi. Manhaja rubutu take gani. Tafinta kuma a waya, da tsoho mai karkataccen baki yana ihu, an riga an gaya masa ana zargin mutumin yana son fita, me kike so ya ji?"

"Amma a baki ba ɗaya ba ne."

"A bakin irin tsohon nan ba ɗaya ba ne. Mutanen yankinsu sun fi kowa riƙe karin sautin. In ƙofa ce, murya tana hawa a gaɓar farko. In wuya ne, faɗowa take. Ke ce za ki ji, tunda da shi kika tashi. Faɗi wuya na jiki."

"Wuya."

"Faɗi wuya ta wahala."

"Wuya." Celestina ta ji bambancin a bakinta, na farko ya fara sama ya sauko, ta biyu ta fara ƙasa ta hau. Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Dacewa ce kawai, ba dangantaka tsakaninmu da su," in ji Ramlat. "Amma su da Lituwaniyawa 'yan uwa ne na nesa, shi ya sa ƙawarki take tsintar kalmomi. Inda aka samu matsala, saiwa biyu ce ta zo ta yi kama. Ƙofa ta fito daga saiwar buɗewa da rufewa, har yau Lituwaniyawa suna da verti da wannan ma'ana. Wuya kuwa daga saiwar juyawa ya fito, abin da ke juya kai. Ita ma tana nan a harshen Daiva, vartyti, juya abu, kamar shafin littafi. Sai dai su ba su kira wuya da ita ba, kaklas suke cewa. Shi ma masana sun ce juyawa yake nufi tun asali, amma daga wata saiwar daban, wadda ta haifi sunan ƙafar keke a wasu harsunan. To ta ina za ta gane? Abin da harshenta ya ba ta shi ta ba ku."

Celestina ba ta bi ƙarshen bayanin sosai ba. Lissafi take yi. Mako biyar tun da ya faɗi a kicin. Sau nawa ta sa hannu ƙarƙashin kansa ta ɗaga don ta gyara matashi, yana ihu, tana cewa yi haƙuri Baba, saura kaɗan.

"Kansa ba ya juyawa," ta ce. "Tun da ya zo. Mun ɗauka ƙofa yake kallo."

Ramlat ta ajiye biro. Ɗanwaken ya tafaso ya zubo a kan murhu, ta tashi da sauri ta sauke.

Suna ci ta rubuta mata kalmomi huɗu a bayan wata tsohuwar ambulan: vrat wato wuya; boli wato yana ciwo; da wato i; ne wato a'a. Ta sa ta maimaita har sai da karin ya zauna.

"Kuma ki daina ce masa Baba," ta ƙara. "A harshensu baba tsohuwa ce."

Wannan karon dariyar ta fito sosai, har Celestina ta ƙware. Da ta lafa sai Ramlat ta dube ta.

"Me za ki yi?"

"Zan faɗa wa manaja."

"In ta ƙi fa?"

Celestina ta ninke ambulan ɗin ta sa a jaka. Ramlat ta raka ta tashar bas da yamma, suka tsaya ƙarƙashin rumfa ana yayyafi, kowacce da abin da ke ranta.

Ranar Litinin ƙarfe takwas ta shiga ɗakinsa da shayi. Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna ta hagunsa, inda idonsa yake kallo. Ta dafa ƙeyarta.

"Vrat?" ta ce. "Boli?"

Tsohon ya zuba mata ido. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya a hankali, ya kai shi har gefen kunne, ya kasa ƙarasawa.

"Da," ya ce. "Da, da. Boli."

Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ke motsi. Ta nuna ƙofa ta ce vrata da murya mai hawa, ya ce "Ne," wato a'a, da ƙarfi, kamar wanda ya gaji da amsa tambaya ɗaya.

Ƙarfe tara ta ƙwanƙwasa ofishin Monica. Monica ba muguwar mace ba ce, gida mai gado arba'in take riƙe da ma'aikatan da ba su isa ba, ga masu duba aiki da ake jira a watan. Ta saurara tana kallon kwamfuta.

"Celestina, ƙwararren tafinta ya saurare shi. Asibiti sun duba shi kafin su sallamo shi. Mutum mai ruɗewa zai ce i ga duk abin da kika nuna masa."

"Na nuna masa ƙofa ya ce a'a."

"Zan rubuta wa GP ya duba shi in ya zo ranar Juma'a."

"Ƙarfe goma za a sa shi a hoist a ɗaga shi don wanka. Alhamis kuma za a hau da shi bene."

"Haka care plan ɗinsa ya ce." Monica ta juyo ta dube ta a karon farko. "Wa ya fassara miki kalmar?"

"Wata ƙawata, mai bincike ce a kan harshen."

"Wato kin yi maganar wanda muke kula da shi da wata a waje." Ta sassauta murya. "Ina son aikinki, Celestina. A watan gobe head office za su duba takardun duk waɗanda muke sponsoring. Kada ki ba ni abin da dole in rubuta."

Celestina ta ce to, ta fito.

Ta yi wa mutum biyu wanka, ta canja gado ɗaya, hannunta yana aiki kanta yana wani wuri. Goma saura biyar ta tarar da Daiva ta riga ta turo injin ɗaga mutum ƙofar ɗakin Baba Stojan. Tsohon na ganin injin ya soma numfashi sama-sama. Celestina ta riƙe ƙarfen injin, ta faɗa wa Daiva komai a tsaye, cikin minti biyu.

"Vartyti," Daiva ta maimaita a hankali. Ta kalli tsohon, ta kalli yadda kansa ya kafe a gefe guda, fuskarta ta yi ja. "Ni na ce musu ƙofa ce."

"Kowa ma haka ya ce."

"Ba za mu ɗaga shi ba." Daiva ta ture injin gefe. "Ki tsaya nan. Ni zan kira motar asibiti, ni za a rubuta. Takarduna ba a hannun kowa suke ba, in sun kore ni gobe in samu wani aikin."

Celestina ta gyaɗa kai, ta bi ta zuwa wayar bango da ke baranda, ta tsaya a bayanta. Daiva ta buga, ta ba da adireshi, ta ce tsoho ne da ya faɗi mako biyar da suka wuce, ana zargin rauni a wuya. Sai ta yi shiru tana saurare. Ta ce a'a, ba ya Turanci. Ta sake yin shiru. Sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta juyo.

"Matar da ta ɗauka tana tambaya wa ya yi magana da shi, kuma me ya ce daidai. Wai sai ta ji daga bakin mutumin."

A ƙarshen barandar ƙofar ofishin Monica a buɗe take. Celestina ta tuna fuskar Kambai a kicin, da jakar makarantar Zoe rataye a jikin kujera. Daga cikin ɗaki ta ji tsohon yana maimaita sabuwar kalmar da aka fahimta daga bakinsa, boli, boli, a hankali, kamar yana tsoron kada a manta.

Ta karɓi wayar. Matar ta tambayi sunanta, ta faɗa, ta kuma jera mata haruffansa ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikatan motar asibiti sun zo cikin rabin awa. Ɗayansu ya taɓa ƙeyar tsohon da yatsa biyu, ya dubi abokinsa, daga nan ba wanda ya sake gaggawa. Suka ɗaure masa wuya, suka zame shi kan shimfiɗa su huɗu, mutum ɗaya ba abin da yake yi sai riƙe kai. Monica ta tsaya a bakin ƙofa da fayil a hannu, ta amsa duk tambayar da aka yi mata, ba ta kalli Celestina ba.

Hoton da aka ɗauka ya nuna karaya a ƙashi na biyu na wuya, tun daga faɗuwar farko, ba ta haɗe ba. Council, hukumar birnin, ta turo mutane biyu suka yi kwana uku suna duba takardu. A rahoton da gidan ya rubuta an ce sa idon ma'aikata ne ya gano matsalar.

Ba a kori Celestina ba. Bayan mako biyu aka kira ta ofis, ga Monica ga wani mutum daga babban ofishin kamfanin. Suka yi mata godiya, sannan suka miƙo mata takardar gargaɗi saboda ta fitar da bayanin wanda ake kula da shi zuwa ga wadda ba ma'aikaciya ba. Takardar za ta zauna a fayil ɗinta shekara guda. Aka kuma sanar da ita cewa daga farkon wata za ta koma wani gidan kamfanin a can kudancin gari, bas biyu daga Lozells, saboda a can aka fi buƙatar hannu. Ta karanta takardar har ƙasa, ta sa hannu.

Kambai bai ce ai na faɗa miki ba. Ya karanta kwafin a tsaye, ya ninke ya sa a cikin jakar da suke ajiye fasfo, ya ce shi zai riƙa kai Zoe makaranta tunda yanzu sai ta fita ƙarfe shida. Daiva ta ajiye aiki a ƙarshen watan, ta koma wani gidan burodi. Ta ce wa Celestina ta zo su tafi tare, sai kuma ta tuna bizar Celestina a hannun kamfanin take, ta ba ta haƙuri.

Sau ɗaya Celestina ta samu zuwa asibiti, wata Laraba kafin shift ɗin rana. Ta tarar da tsohon a kwance da abin ɗaure wuya, an yi masa aski, ga wata mata mai furfura zaune kusa da shi. Sunanta Senada, tafinta ce, kuma garinsu da na tsohon ba nisa. Ta ce ba za a mayar da shi gidan da ya fito ba, ana nema masa wani.

Da ya ga Celestina sai ya kama hannunta, ya shiga magana, doguwa, yana tsayawa yana neman kalma yana ci gaba. Ba ta gane ko ɗaya ba. Ta jira, tana zaton godiya ce, tana shirya abin da za ta ce.

Senada ta yi murmushi. "Wai yana da ɗan lambu a Handsworth, cikin filayen da council ke ba wa mutane. Lamba ashirin da bakwai, kusa da famfo. Ya shuka kabeji kai talatin don ya jiƙa su da gishiri kamar yadda ake yi a gida, kuma ya san yanzu sun isa cira. Ba shi da wanda zai aika. Ya ce ki je ki cire kafin su ruɓe, ki ɗauki rabi, rabi ki ba mutumin da ke lamba ashirin da takwas. Makullin rumfar yana ƙarƙashin bokiti."

Celestina ta nemi biro ta rubuta lambobin a bayan hannunta.

"Ki ce masa zan je ranar da nake hutu."

Senada ta faɗa masa. Ya yi wata gajeriyar tambaya.

"Wai yaushe ke nan?"

"Ba a fitar da jadawalin aiki ba tukuna," Celestina ta ce. "Ki ce masa da zarar na sani."

Ta zare hannunta a hankali, ta duba agogon bango. Saura minti hamsin, ga bas biyu a gabanta. Ta yi musu sallama ta sauka ta matakala, don lif ɗin ya cika.